Ranar da Anka Ce Akwai Fuwit a Na'urata

Saura mako uku wata shidan gwajina ya cika lokacin da na'urar ta fara tsayawa. Ba a ɗauke ni aiki sosai ba tukuna. Sharaɗin shi ne in shef, shugaban wurin aikinmu, ya gamsu ya rubuta takarda zuwa Tawa a tabbatar da ni, in bai gamsu ba in koma gida. Ina da shekara ashirin da ɗaya, na ci jarrabawar birebe, na yi shekara biyu a lise, babbar sakandare, na faɗi, na ƙi maimaita aji don ba zan iya sake zama ina sauraron abin da na riga na ji ba. Aikin nan shi kaɗai ne a hannuna.

Buron, wato ofishinmu, yana Konni, shi ke kula da ƙananan lakwal, makarantun firamare na ƙauyuka, tun daga wajen Alela har Dogarawa. Mu huɗu ne kullum a ciki. Akwai shef, tsohon malamin aji, dogo, wanda ba ya ɗaga murya sai a waya. Akwai daktilo, mutuniyar Tajaye, da ta yi shekara ashirin tana buga keken rubutu, kowa tanti yake ce mata. Akwai planto, tsohon soja, mai shara da kai takardu da cika agogon bango. Sai ni, a ƙaramin ɗaki na ƙurya, da odinatar, wato kwamfuta, na'urar da nake magana a kanta.

Wani aikin taimako ne ya ba buron na'urar, tsohuwa ce ma da ta gama aiki a wani wuri. Wani mutumin Yamai ya kawo ta, ya yi mako uku yana koya mana ni da tanti. Tanti ta yi kwana biyu ta ce idonta na ruwa, ta koma kan kekenta. Ni na zauna. Na'urar ba ta san komi ba sai abin da ka rubuta mata layi-layi, kowane layi da lambarsa, da wani yare da ake kira bezik. Abu na farko da ya koya mini shi ne bariyabul: suna ne kake ba wani wuri a cikin na'urar, ka ajiye abu a ƙarƙashinsa. In ka sake ajiye wani abu a ƙarƙashin sunan nan, sabon ya zauna, tsohon ya tafi. Na tambaye shi ina tsohon yake tafiya. Ya ce, "Ya tafi dai, madmazel." Yana sauri, ni ma ina sauri, ban sake tambaya ba.

Ya kuma koya mini yadda ake musanya abu biyu. Ya jera kofin shayi uku a tebur, biyu cike, ɗaya wofi. Ka juye na farko cikin wofin, ka juye na biyu cikin na farko, ka juye na wofin cikin na biyu. Layi uku. Da wannan na rubuta abin jera sunaye bi da bi, daga A zuwa Z, ni kaɗai bayan ya koma Yamai ya bar mini wani littafi mai kauri na Faransanci. Daraktocin lakwal suna zuwa kan babur da sunayen ƴan jarrabawa rubuce da hannu, in buga, na'ura ta jera yara talatin ko arba'in na kowace lakwal kafin darakta ya gama shan ruwa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Har nakan ce wa tanti kekenta ya kusa zama abin ɗora tukunya.

A watan Mayu umarni ya zo daga sama cewa bana ba za a zaunar da yara lakwal-lakwal ba. A haɗa sunayen duka ƴan jarrabawar satifika, ta gama firamare, wuri ɗaya, a jera su bi da bi, a ba kowa lambar teburi, don kada ɗan ajinku ya zauna kusa da kai. Sunaye dubu da wani abu ne. Lis ɗin, wato jerin sunayen, zai tafi Tawa da motar safiyar Alhamis. Na ce wa shef aikin rabin yini ne.

Ranar Talata da safe na loda sunayen daga disket, na sa ta jera. Na riga na sa wata lamba a kusurwar gilashin na'urar da ke ƙaruwa don in ga aiki na tafiya. Lambar ta yi gudu kaɗan, sai ta tsaya cak. Na danna madanni, shiru. Na ƙirga sittin a zuciyata, watakila ma ban kai sittin ba, na kashe na kunna. Ta sake tsayawa kusan wuri ɗaya. Karo na biyun tanti ce ta zare waya daga bango, ta ce ta ji ƙauri. Babu wani ƙauri. Da yamma shef da kansa ya shigo, ya tsaya a bayana, ya ga ta tsaya, ya miƙa hannu ya kashe, ya ce kada ta ƙone a kansa. Na share ƙura, na canza disket, na sake duba layukan ɗaya bayan ɗaya. Ban ga kuskure ba. Na koma gida ban ci tuwon kirki ba.

Laraba da safe shef ya nemi Yamai. Waya ɗaya ce a buron, a ɗakinsa, kuma sai an bi ta gidan waya an jira a haɗa ka. Wajen ƙarfe tara anka haɗa shi. Ina ɗakina ina jin ihunsa ta bango, don layin Yamai kullum kamar ana suya a cikinsa yake. Ya yi bayani, ya saurara, sai na ji ya ce, "Alo. Mi? Fuwit?" Ya sake cewa, "Fuwit?" Daga nan sai alo, alo, layi ya yanke.

Planto ya leƙo ya ce shef na kira. Da na shiga ya rufe ƙofa. Ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe ba.

"Madmazel, wa kinka ba?"

"Mi na ba wa, mushe?"

"Mutumin Yamai ya ce akwai fuwit cikin na'ura. Ya ce ba daga ƙarfen ba ne, daga abin da kinka rubuta ne. Sau biyu na sa ya maimaita."

Kalmar a Faransanci yoyo take nufi, irin na bokiti ko na rufin ɗaki. Amma wanda ya yi aikin lakwal ba ya jin bokiti in an faɗe ta. Abu ɗaya yake ji: tambayoyin jarrabawa sun fita daga ambulan ɗin da anka liƙe kafin ranarsu. A soke jarrabawa, yara su sake zama, wani ya kwana hannun jandarma. A shekarun nan ko'ina maganar ke nan da zarar Mayu ta kama, kuma saboda ita ne ma anka ce a cakuɗa yaran.

Na ce, "Mushe, babu tambaya ko ɗaya cikin na'urar nan. Tambayoyi daga Yamai suke zuwa a liƙe, kai ka fi ni sani. Sunayen yara ne kawai a ciki."

"Da lambar teburi. Wanda ya san wa zai zauna kusa da wa ya san rabin jarrabawa."

"Lambar teburin ma ba ta fito ba, shi ne ai matsalar."

"Ba ta fito nan ba." Ya nuna tebur da yatsa. "Ina na san inda ta fito?"

Shef bai san na'ura ba, amma ba wawa ba ne, kuma tsoron da ke fuskarsa na gaske ne. In abu ya fita, sunansa za a fara kira. Na ce a sake neman Yamai. Ya ce ya nema, gidan waya sun ce sai yamma ko gobe, kuma mutumin ya ce yana shirin fita daji da mota. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin ɗaki da disket duka. Zai rubuta rahoto zuwa Tawa, zai kuma sanar da jandarma don kada a ce ya ɓoye. Tanti za ta buga lis da keke. Ni in tafi gida har a neme ni.

Na san mi "har a neme ki" ke nufi ga wadda saura mata mako uku.

"Ba ni tahiya, mushe."

"Na'am?"

"Ba ni tahiya. In na fita ƙofar nan yanzu, kafin azahar duk Konni ta ji na sayar da jarrabawa. Ka ba ni zuwa tashin aiki."

"Ke yarinya, da wa kike magana?"

Ƙofa ta buɗe, tanti ta shigo da takardu a hannu, waɗanda ba ta da wani dalilin kawowa a lokacin. Ta ji komi, bangon buron nan ba ya riƙe magana. Ba don tana ƙaunata ta shigo ba.

"Mushe, ka yi haƙuri in sa baki. Suna dubu da wani abu, in yanka takarda in jera su da hannu, rabinsu sunansu ɗaya da na ubansu ɗaya, sannan in buga da karbon kwafi huɗu, kafin motar gobe? Yatsuna goma ne. Ko ka ba ni mako ban yi alkawari ba." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka bar ƴar lise ta gwada. Ita ta ce kekena na ɗora tukunya ne."

Shef ya dubi agogon bango. Tara da rabi ta wuce. Ya ce zuwa sha biyu da rabi, kuma yana zaune a ɗakin na'ura, idonsa a kan hannuna. Ya sa planto ya kai masa kujera. Ya ɗauko takarda fara ya ɗora a gwiwa, ya rubuta kwanan wata da kan rahoto, ina gani.

Ban san abin da zan yi ba. Wannan ita ce gaskiya. Na buɗe littafin nan mai kauri na nemi kalmar fuwit a jerin kalmomi na baya, babu ita. Na nemi memuwar, wato ɗakin ajiyar da ke cikin na'ura, inda take riƙe abin da take aiki da shi. Shafuka sun fi goma. Ina karantawa gumi na ɗiga a kan takarda, shef na numfashi a bayana, tanti ta jingina da ƙofa. Na ɓata fiye da awa ɗaya ina tsalle daga shafi zuwa shafi, don ni ban iya karanta abu daga farko zuwa ƙarshe ba. Can na ci karo da wata ƴar kalma mai harafi uku da ke sa na'ura ta faɗi yawan wurin da ya rage mata a ɗakin ajiya. A ƙasanta akwai wani sakin layi da na karanta rabi da rabi: wai in wuri ya ƙare, na'ura takan tsaya ta yi gyaran ɗaki, kuma abin yakan ɗauki lokaci, a yi haƙuri.

Na ƙara layi ɗaya, don lambar wurin da ya rage ta fito kusa da lambar aiki. Na loda sunaye, na sa ta jera.

Lambar aiki ta fara hawa. Lambar wuri ta fara sauka, da gudu, kamar ana jan guga a sake. Dubu goma sha takwas, sha biyar, sha ɗaya.

Shef ya miƙe ya matso. "Wannan mi ne ne ke raguwa?"

"Wurin da ya rage a ciki."

"To ga shi nan. Shina zuba. Ina yake zuwa?"

"Ban sani ba, mushe."

Na ji tanti ta ce uhm daga bakin ƙofa. Da na san ƙaryar da zan yi da na yi. Da hannuna na nuna masa yoyon da nake musu. Lambar ta kai dubu biyu, ta kai ɗari da wani abu, sai komi ya tsaya.

Shef ya zagaya ta gefen akwatin na'urar, inda jan makunni yake. Ban yi shawara da kowa ba, na riga shi, na kifa tafina a kan makunnin.

"Ɗauke hannunki."

"Minti biyat, mushe."

"Ta mutu. Ɗauke hannunki kafin ta ƙone."

"Ba ta mutu ba. Shara take."

"Shara."

"Haka littafin ya ce. Jiya sau uku munka kashe ta tana tsakar shara. Ba wanda ya jira."

"Ke kinka fara kashewa," in ji tanti.

"Ni na fara."

Hannun shef yana tsaye a sama da nawa, bai taɓa ni ba. Ba zai taɓa ni ba, na sani, shi ma ya san na sani, kuma wannan ne ya fi ɓata masa rai. Mutumin da ya girmi babana, a buronsa, gaban ma'aikatansa. Ya ce, "Minti biyat. Baba, duba agogo." Planto ya koma tsakar buro inda yake hango agogon bango, ya tsaya kamar a fareti.

A taga akwai wani daraktan lakwal daga wajen Alela da ya zo karɓar takarda tun safe. Ya jingina da baburinsa yana fifita da hula, kunnensa duk a ɗakinmu. Na so in ce a rufe tagar, amma ba zan iya ɗauke hannuna ba.

Ban taɓa jiran abu irin na ranar ba. Ni ce wadda ke buɗe tukunya sau huɗu kafin ruwa ya tafasa. Gilashin bai motsa ba. Fankar da ke cikin akwatin tana juyi, ina jin ɗuminta a yatsuna, ba ta gaya mini komi ba, don ko na'ura ta mutu fanka na juyi. Amalanke ya wuce a hanya, mai shi yana zagin jakinsa. Na fara tunanin ko rabin sakin layin da ban karanta ba ya ce wani abu daban. Ko maganar wata na'ura ce ba irin tamu ba. Littafin na buɗe a tebur, taku biyu daga inda nake, ba damar in duba. Na fara shirya abin da zan ce wa inna.

"Minti uku," in ji planto.

Shef ya koma kujera, ya ɗauki takardarsa, ya ci gaba da rubutu. Ina jin ƙarar biro.

"Huɗu."

Tanti ta ce, a hankali, "Ƴar nan, ki ba shi haƙuri tun da sauran magana." A karo na farko ba da gatse ta faɗa ba, kuma hakan ya fi tsorata ni.

"Biyat, mushe."

Shef ya ajiye biro ya miƙe.

"Agogon nan gudu yake," na ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Shef ya juya ya dubi planto. Tsohon ya dubi agogo, ya dubi ƙasa, ya ce, "Gaskiya ne, mushe. Ni ke cika shi. Shina gaba da minti biyu."

"In shina gaba yanzu, ai shina gaba lokacin da munka fara. Lissafi na koyar shekara goma sha tara, baba."

"To, mushe, ni ban yi lakwal ba."

Shef ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai tanti ta ce, "Ta motsa."

Lambar wuri ta koma dubu goma sha takwas. Lambar aiki ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta koma baya ba. Na ɗauke hannuna, zanen makunnin ya fito a tafina.

A nan na gane abin da na tambayi mutumin Yamai bai amsa ba. Tsohon abu ba ya tafiya ko'ina. Na ce wa shef, da sauri, ina haɗa kalmomi, ya ɗauka yara biyu ne a aji zai musanya musu wuri. Maimakon in ce kai koma can, ke dawo nan, sai nake sa kafinta ya ƙera wa kowa sabon benci, har da na uku na tsakiya, tsofaffin kuma in bar su a cikin ajin ba kowa a kansu. Kowace musanya benci uku. Aji ya cika, ba wurin taka ƙafa, sai na'ura ta tsayar da darasi ta bi benci ɗaya bayan ɗaya tana duba wanda ke da yaro da wanda babu, ta fitar da na banza. Da yara arba'in aji bai taɓa cika ba. Da dubu kuwa, dubawar kaɗai ta ci minti shida.

"Bencin ba su fita waje ba?"

"Ba abin da ya fita ɗakin nan, mushe. Cikinta ya cika, cikinta ta share."

Yana kallon gilashi, ni ma na kalla, sai na ga lambar wuri ta sake gangarowa ƙasa. Ta sake tsayawa. Na dubi lambar aiki, na yi lissafi a kai. Abin da ta jera bai kai komi ba. In kowane ɗan gudu sai ta yi sharar minti shida, motar Alhamis za ta tafi ta dawo ba ta gama ba. Shef ma ya yi lissafin, na ga leɓensa na motsi.

"Sha biyu saura kwata," ya ce. "Na yarda ba ta mutu ba. Ina lis?"

Wannan karon na zauna na karanta shafin tun daga sama har ƙasa, da yatsa, kamar ƴar aji ɗaya. A ƙarshensa anka ce a duba wani shafi. Can na sami wata kalma guda da aikinta ke nan: ta musanya abu biyu ba tare da ta kwafi ko ɗaya ba. Sunayen kawai take ɗagawa, ta liƙa na wannan a kan wancan. Yaran su tashi su canza wuri, ba kafinta. Tana cikin littafin tun ranar da anka ba ni shi.

Na jira sharar ta ƙare, don yanzu ko ni ba zan taɓa makunnin ba. Na tsayar da aikin, na goge layukan kofin shayi uku, na rubuta layi ɗaya. Na yi kuskuren waƙafi, ta ƙi, na gyara. Na sa ta jera.

Lambar wuri ta tsaya a inda take. Ba ta ragu da ɗaya ba. Lambar aiki tana ta hawa. Munka zuba mata ido mu huɗu, minti ɗaya, biyu, goma, ina jiran ta tsaya, ba ta tsaya ba. Sha biyu da rabi ta yi, shef bai dubi agogo ba. Ya aiki planto ya gaya wa gidansa ba zai zo cin abinci ba. Tanti ta tafi ta yi salla ta dawo da ƙullin gyaɗa, ta ajiye a gefen littafina ba ta ce nawa ba ne. Wajen ƙarfe biyu na'urar ta gama. Injin bugawa ya kama kuka, takarda mai ramuka a gefe tana fitowa tana naɗewa a ƙasa. Shef ya ɗauki shafin farko ya bi sunayen da biro, ya ɗauki na tsakiya, ya ɗauki na ƙarshe. Ya ninke takardar rahotonsa huɗu ya sa a aljihu.

Na ce, "Mushe, a gabansu anka ce na yi fuwit. Ina so a gabansu a ce ban yi ba."

Tanti ta rufe ido.

"An yi rashin fahimta a waya," in ji shef. Ya juya wajen taga don daraktan Alela ma ya ji, amma daraktan ya daɗe da tafiya. Ya ji farkon magana, ya hau baburinsa.

Da na isa gida bayan la'asar na tarar da wata mata da ban sani ba zaune a tabarmar inna, da ƙwaryar ƙwan zabi a gabanta. Ɗanta zai zauna satifika, ta ji an ce takardun jarrabawar na hannuna. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Na ce wa matar ba ni da komi, ta ce ta sani, ai ba a cewa akwai. Na rantse mata, ta yi murmushi ta ce Allah ya ƙara rufa asiri. Sai da na ɗauki ƙwaryar na ɗora mata a kai na raka ta ƙofa. Kafin jarrabawa mutum huɗu sunka zo irin wannan zuwan, ɗaya har daga Malbaza.

Lis ya tafi da motar Alhamis. Makullin ɗakin na'ura kuwa bai dawo hannuna ba. Shef ya ce daga yau tanti ke buɗewa ta rufe, don kariyata, in ji shi. Mutumin Yamai sai bayan damina ya biyo ta Konni. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ai wannan ba ma yoyo ba ne na gaskiya. Yoyo na gaskiya shi ne a yaren da babu mai shara, inda in ka ɗauke suna daga kan abu ba ka sallame shi ba, zai zauna ya tare wuri har a kashe na'ura. Shi dai ya faɗi kalmar da ta zo bakinsa ne. Na ce masa nan gaba in zai yi waya da mutanen lakwal a watan Mayu ya zaɓi wata kalmar. Bai ga abin haushi ba, ni ban ga abin dariya ba.

Amma wannan daga baya ne. A mako ukun da sunka rage shef bai ce mini komi ba game da takardata, gaisuwa kawai, ni ma ban tambaya ba, ko da yake kullum tambayar na bakina. Ranar da wata shidan ya cika na shigo da safe na tarar tanti na buga wani abu a kekenta, rubutun hannun shef a gefenta. Ta ga ina leƙe, ba ta rufe ba. Zuwa Tawa ne. Ya nemi a tabbatar da ni. A layin ra'ayin shugaba ya rubuta cewa na san aikina, kuma ba ni da ladabi ga na gaba da ni.

Tanti ta tsayar da yatsunta a kan madannai. "Rubutunsa ba ya karantuwa sosai a nan," ta ce. "Ina iya tsallake rabin na biyu."

"Buga shi yadda yake, tanti. In ya karanta ya ga babu, ke zai kama."

Ta buga. Ta zare takardar, ta ware karbon, ta miƙa wa planto ya kai a sa hannu. Sannan ta ciro makulli daga bakin zanenta ta tashi ta buɗe mini ɗaki.